Tarihin Ƙauye: Darasi Daga Mawashi da Maƙwabtanta

Idan aka ce wa ɗalibi ya ba da tarihin Katsina, nan da nan zai kawo sunan Muhammadu Korau da hasumiyar Gobarau da Sarki Dikko. In aka ce Daura, zai ce Bayajida da rijiyar Kusugu. Amma a ce masa ya faɗi wanda ya fara saran dajin ƙauyen da aka binne cibiyarsa, ko wanda ya haƙa rijiyar da gidansu ke sha, sai ya yi ta sosa ƙeya. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Littattafan da muke karantawa a aji labarin birane da sarakuna suke bayarwa, alhali yawancinmu, ɗalibai da malamai da iyaye, daga ƙauye muka fito. Saboda haka a wannan shekara muka ga ya dace mu ɗauki ƙaramin gari guda, wato Mawashi, tare da garuruwan da ke kewaye da ita, mu nuna wa masu karatu wuraren da tarihin ƙauye yake kwance da yadda ake tono shi.

Mawashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, kuma ɗaya ce daga mazaɓunta, tare da irin su Kofa da Kaikai da Dudunni da Yashe. Kusada tana maƙwabtaka da Kankiya da Ingawa, ta wani gefen kuma da Jihar Kano. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kusa dubu 100. Ita Jihar Katsina an cire ta daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, kuma a 1996 ne ƙananan hukumominta suka cika 34. Wannan shi ne irin bayanin da za a samu a takardar gwamnati, kuma ba ya wuce layi huɗu ko biyar. Sauran labarin yana wasu wurare.

Yadda wasu suka adana nasu

A ƙasar Ingila akwai ƙauyukan da gidajensu ba su fi 20 ba, amma an rubuta littafi sukutum a kan kowannensu. Ba wai sun fi namu tsufa ko daraja ba ne. Takarda ce ta taimake su. A shekarar 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka zagaya ƙasar aka rubuta gonaki da garmuna da dabbobi da masu su domin haraji, aka haɗa a kundin da ake kira Domesday, wanda ya ambaci wurare fiye da 13,000. Daga 1538 kuma aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Don haka ɗan ƙauye a can yana iya bin sunan kakanninsa baya har shekara 400.

Mu a nan ba mu da irin wannan kundi, amma an riga an gwada cewa ƙauyen Hausa ma ya isa a yi masa littafi. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta bi gida gida da gona gona, ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Kafin ita, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma har yanzu a jami'o'in duniya ana karanta abin da ta faɗa game da aure da bauta da zuwan Turawa. Na gida kuwa shi ne marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, wanda ya zagaya garuruwan ƙasar Katsina yana zama da dattawa kafin ya rubuta The Transformation of Katsina, da aka buga a 1981. Duk su ukun kunne suka kasa, ƙafa kuma suka sa.

Suna

Wurin farawa shi ne sunan gari, domin sau da yawa suna yakan riƙe abin da mutane suka manta. A dubi maƙwabtan Mawashi. A ƙasar Kankiya akwai Kafin Soli da Kafin Dangi. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari don tsaro, saboda haka duk garin da sunansa ya fara da Kafin yana gaya mana cewa an zauna shi a lokacin da ba a kwana da ido biyu rufe. Akwai Rimaye, jam'in rimi. Akwai Gidan Mutum Ɗaya a kan hanyar Kano zuwa Katsina, wanda duk mai shiga mota ya san cunkosonsa, ga shi kuwa sunan yana nan yana ba da shaidar yadda wurin ya fara. Sunaye masu ƙarewa da "awa", kamar Ingawa da Musawa da Bindawa da Tsanyawa, yawanci jama'a suke nunawa, wato zuriyar wani mutum ko waɗanda suka taso daga wani wuri. Inda aka ce Zango, fatake sun sauka. Inda aka ce Ruga, Fulani sun kafa. Sabon Gari da Tudun Wada da Nasarawa kuwa ƙanne ne, ba za su girmi garin da suke jingine da shi ba.

To, Mawashi fa? A Hausa mawashi shi ne dutsen da ake wasa wuƙa ko gatari ko lauje a kansa. A Larabci kuma akwai kalma mai irin wannan sauti wadda ke nufin dabbobin kiwo. A nan ne muke jan kunnen ɗalibai. Kamannin sauti ba hujja ba ne. Ƙasar Hausa cike take da labaran da aka ƙaga daga baya don a fassara sunan gari, a ce wani maharbi ya ce kaza, ko wani sarki ya yi tuntuɓe ya ce kaza, shi ke nan sunan ya bi wurin. Irin wannan labari yana da daɗin ji, kuma a rubuta shi, amma a rubuta har da sunan wanda ya faɗa da wanda shi ma ya ji daga gare shi. Sa'an nan a fita a duba ko ƙasa ta yarda da maganar: akwai dutsen a wurin, akwai tsohuwar maƙera, akwai burtali da mashaya?

Abin da ƙasa ke nunawa

Ƙasa ba ta iya ƙarya kamar baki. Wanda ya fita bayan gari da rani, bayan an kawar da amfanin gona, zai ga abubuwan da damina ke rufewa. Na farko itatuwa. Kuka tana rayuwa ɗaruruwan shekaru, kuma ba ta cika taruwa da yawa a inda mutum bai zauna ba, domin mutane ne ke kawo 'ya'yanta gida, su kuma bar ta ta girma saboda miya. In ka ga kukoki sun yi cincirindo a tsakiyar gona babu gida ko ɗaya kusa, to, kana tsaye a kan kufai ne. Duba ƙarƙashin ƙafarka, za ka ga tsingaro, wataƙila da guntun dutsen niƙa, da tudun da dā juji ne. Manoma sun san irin waɗannan wurare sarai, don dawa ta fi yin kyau a kansu. Rimi da tsamiya da ɗorawa da gawo su ma kowanne da labarinsa, musamman waɗanda aka bari don su zama alamar iyakar gona.

Na biyu ganuwa. A wurare da yawa ba abin da ya rage sai ɗan tudu mai tsawo da kwari a gefensa, yara na wasa a kai ba su san mene ne ba. In aka bi shi da ƙafa aka ƙirga taki, za a san girman garin a lokacin da aka gina shi, a kuma gane inda ƙofofi suke. Na uku wuraren sana'a: ramukan karofi da suka cike da ƙasa, inda marina suka yi aiki da baba, da baƙin kashin tama a inda aka narka ƙarfe tun kafin a fara sayen ƙarfen mota a kasuwa. Na huɗu rijiya da maƙabarta. Gari ba ya girme wa ruwan da ya fara sha, don haka tsohuwar rijiya takan nuna unguwar da ta riga sauran.

Kada wani ya ce ai waɗannan tarkace ne. Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, ƙauye ce kamar kowace, sai dai tuddai da manyan kukoki. Da aka tona tuddan a 1907, aka sake tonawa a 1992, sai ga kaburburan manya na zamanin da, da kayan tagulla da duwatsun ado. Ba muna cewa ɗalibai su ɗauki fartanya su shiga haƙa ba. Wannan aikin masana ne da izinin hukuma, kuma abin da aka tona ba bisa ƙa'ida ba ya lalace ke nan har abada. Aikinmu mu gani, mu auna, mu zana, mu rubuta.

Manyan al'amura ta ƙofar ƙauye suka bi

Wani abin da ke sa ɗalibi ya raina ƙauyensu shi ne zaton cewa tarihi a birni kawai ya faru. Yankin Kankiya da Kusada ya isa ya kawar da wannan zato, domin yana tsakanin Katsina da Kano ne, kuma kusan duk abin da ya taso daga ɗayansu ta nan yake bi.

Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadi ya zama Sarkin Katsina wajen 1807, sunan ƙauye yake ɗauke da shi, Dallaje, ta wajen Bindawa. Sarakunan Haɓe da aka kora suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can kuma suka yi shekaru suna kawo hari ƙasar Katsina da ta Kano. Sunan Ɗan Baskore, Sarkin Maraɗi na tsakiyar ƙarni na 19, bai ɓace daga bakin tsofaffi ba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yawan kafi da ganuwa a yankin ba. Manomi yana son zama kusa da gonarsa, tsoro ne ya tara mutane wuri guda.

A farkon 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. A littafin tafiyarsa ya ambaci Kusada da suna, ya kuma yaba kyan ƙasar da ya ratsa, da itatuwanta da gonakinta. Ke nan shekara fiye da 170 da suka wuce akwai hanyar fatake a nan, da garuruwa da kasuwanci. Tambayar da ta dace ɗan Mawashi ya yi wa dattawa ita ce, ta ina tsohuwar hanyar jakuna ta bi kafin a yi kwalta, kuma ina ayari yake sauka?

Bayan shekara 44, yaƙin basasar Kano tsakanin Tukur da Aliyu Babba, wanda ya fara a 1893, a ƙasar Katsina ya ƙare. Tukur ya baro Kano ya fake a wannan yanki, aka yi karon ƙarshe a Tafashiya a 1895, ya rasu bayansa. Tafashiya tana nan a Ƙaramar Hukumar Kankiya. Dakarun nan ba iska suka ci ba. Hatsin rumbunan ƙauyuka suka ci, dawakinsu kuma a rijiyoyin ƙauyuka suka sha. Littafi ya riƙe sunan sarakunan biyu, amma wanda aka kwashe wa rumbu sai a bakin jikokinsa za a ji shi.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, a wannan shekara kuma suka shiga Katsina. A 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta har 1944. A zamaninsa ne hakimai suka koma zama a gundumominsu, aka tsara haraji daga mai unguwa zuwa magaji ko dagaci, zuwa hakimi, zuwa baitulmali. Da hare-hare suka lafa, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna kafa gidaje a gonakinsu, kuma da yawa daga ƙananan unguwannin da muke gani a warwatse daga nan suka samo asali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Kuɗin wuri ya ba da wuri ga anini da kwabo da sule. Manomi ya shiga noman gyaɗa da auduga domin ya sami abin biyan haraji, ya ci gaba da biya har 1979, lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. Wannan haraji da ya wahalar da kakanninmu, shi ne kuma ya bar mana takarda. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan gundumomi, da sunayen ƙauyuka da yawan masu biya da sana'o'insu, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. A Kaduna ɗin kuma akwai Arewa House, a Katsina akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha, da gidan tarihi a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina.

Zama da dattawa

Duk da haka babbar taska ita ce bakin tsofaffi, kuma ita ce ta fi saurin ƙarewa. Wanda aka haifa a shekarar da Sarki Dikko ya rasu ya haura 80. Waɗanda suka ji labarin zuwan Turawa daga bakin wanda ya gani da idonsa saura kaɗan.

Zama da dattijo yana da ladabinsa. A fara da gaida mai gari, a ce ranka ya daɗe, a faɗi ɗan gidan wane ne da abin da ya kawo ka. In an je wurin tsoho a tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce Baba ko Kaka, a riƙe ɗan goro. Kada a buɗe littafi tun kafin a gama gaisuwa, kada kuma a katse shi in ya saki hanya, domin sau da yawa abin da ake nema a gefen hanya yake. Kada a tambaye shi shekara, ba da lamba yake lissafi ba. A tambaye shi abin da ya faru a lokacin. Tsofaffin ƙasar Hausa sun raɗa wa yunwa sunaye: Kakalaba ta wajen 1914, 'Yar Buhu ta 1927, 'Yar Gusau ta wajen 1942. Ga zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira da babban fari a 1973, shigowar makarantun UPE a 1976, har zuwa husufin ranar 29 ga Maris, 2006, da gari ya yi duhu da rana tsaka a ƙasar Katsina. In tsohuwa ta ce an yi mata aure damina biyu bayan canjin kuɗi, ɗalibi ya sami shekararsa.

Mun ce tsohuwa da gangan. Masu neman tarihi sukan tsaya a zaure su manta da cikin gida, alhali mata ne suka fi riƙe wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wace, wane gida ne ya rabu da wane. Da wannan ake gane yadda Mawashi ta ƙullu da Kofa ko Yashe ko garuruwan da ke hayin iyakar Kano. Ɗalibai mata su ne za su iya wannan aiki fiye da kowa. Haka kuma kada a tsaya a gidan sarauta kaɗai. Gidan sarauta zai ba da jerin waɗanda suka yi mulki, wani lokaci ya tsallake wanda aka tuɓe. A je wa maƙera da wanzamai da mahauta da makaɗa, waɗanda kirari ke bakinsu. A je rugar Fulani. A je wa Maguzawa inda suke, domin a wurinsu ne al'adun noma da na farauta na dā suka fi daɗewa. Malaman allo sukan rubuta haihuwa ko rasuwa da ajami a gefen takardunsu, ikkilisiyoyinmu kuma suna da littafin baftisma da na aure, wanda a wasu wurare gara ta fara ci a cikin akwati. Muna roƙon dattawan ikkilisiya su duba nasu.

Za a ji maganganu masu karo da juna, gida biyu kowanne ya ce kakansa ne ya fara zama. A rubuta duka biyun yadda aka faɗa, kada ɗalibi ya mai da kansa alƙali. Akwai kuma abin da za a ji wanda ba na bazawa ba ne, kamar asalin bauta ko tsohuwar rigimar gona. Irin wannan a nemi izinin mai maganar kafin a sa shi a takarda.

Abin da ya sa muke gaggawa a bayyane yake. Ana sare manyan itatuwa don itace da gawayi, ana ɗibar ƙasar ganuwa ana yin tubali, matasa suna tafiya Kano da Kaduna da Legas ci-rani, wasu ba sa dawowa. Daga wajen 2019 kuma mun ga yadda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a ƙasashen Batsari da Safana da wasu sassan jihar, mutane suka bar gidajen da kakanninsu suka kafa. Garin da ya watse ba a rubuta komai a kansa ba, bayan shekara 30 ko iyakar gonakinsa sai an yi gardama.

Don haka ga aikin da muke ba kowane ɗalibi a dogon hutu. Ya sayi littafin rubutu mai shafi 40. A shafin farko ya zana taswirar ƙauyensu da hannu, ya sa rijiyoyi da manyan itatuwa da kasuwa da wuraren ibada da maƙabarta da kufai. Ya zauna da tsofaffi uku aƙalla, ɗaya daga ciki mace, ya rubuta sunan kowanne da ranar da aka yi hirar, da Hausar da suka yi magana da ita, ba tare da ya gyara musu ba. Mai waya ya ɗauki murya in sun yarda. In an dawo hutu a miƙa wa malamin tarihi, za a ajiye littattafan a laburaren makaranta, a kuma kwafi ɗaya a mayar wa mai garin da aka yi aikin a ƙasarsa.